Haƙorin da Ya Ƙi Yin Fari

Ranar Talata ce, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, ƙarfe goma saura kwata na safe. A ɗakin haƙori na ɗan asibitinmu da ke Yelwa akwai ni, da Asabe, ma'aikaciyar jinyar da muka shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, da wani mutum da ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa, ya naɗe bakinsa da rawani kamar mai hangum. Likitan haƙori ba ya nan, domin ranar Alhamis kawai yake zuwa daga Birnin Kebbi.

Ku ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, kowace shekara sai ɗayanku ya tambaye ni: "Baba, tunda ana sayar da maganin farin haƙori a shago, mu me ya rage mana?" Bara wata a cikinku ta miƙo mini wayarta. Wani saurayi ne a bidiyo, ya shafa wani abu, ya ƙirga uku, ya washe baki fari tas. Ta ce aikin da muke kwashe mako biyu muna yi ke nan. Na ce zan ba ku amsa a rubuce, to ga ta. Na sauya sunayen mutanen biyu da ke cikin labarin, garinsu ma ba zan faɗa ba. Ya ishe ku ku san yana bakin tafki a ƙasar Ngaski, kuma da jirgi suke zuwa kasuwar Yelwa.

Sai da Asabe ta rufe ƙofa sannan mutumin ya sassauta rawanin. Bawa ne, matuƙin jirgin inji mai ɗaukar fasinja da kwandunan banda, masunci tun yana yaro. In ya yi dariya a bakin ruwa, 'yan kabu-kabu da ke bakin kasuwa sukan ce jirgin Bawa ya iso.

Shekara tara kafin wannan rana ya fara zuwa wurina, a lokacin ma da rawani a baki. Igiyar tayar da inji ce ta tsinke, mariƙinta ya dawo ya fasa masa haƙorin gaba na sama, na hagu. Likita ya cire guntun da ya rage, ni kuma na haɗa masa na roba, mai ɗan faranti da ke mannewa a ganda. Kwana huɗu ya yi a ɓoye a gidan wani abokinsa a Yelwa, mutanen gida kuwa aka ce musu ya tafi Kwantagora sayen kayan inji.

Dalilin ɓuyan mutum ɗaya ne, sunansa Mamman, ɗan kawun Bawa, wato taubashinsa. Mamman ya rasa haƙori a daidai wannan wurin tun suna samari, lokacin da filafilin tuƙa jirgi ya kuɓuce wa wani ya same shi a baki. Bawa ne ya raɗa masa suna Giɓi, sunan kuwa ya zauna daram, har yara suna ce masa Baba Giɓi. A tashar jirgi, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, ba inda Bawa bai washe baki ya ƙirga wa Mamman nasa haƙoran talatin da biyu ba. Mutumin da ya yi wannan ba zai koma gida da giɓi ba, ko da na kwana ɗaya ne.

Cikin duk abin da hannuna ya haɗa, ba wanda ya kai haƙorin nan. Kun san allon launi, jerin haƙoran gwajin nan goma sha shida da ke farawa daga mai haske zuwa mai duhu. Na kara shi a bakin Bawa na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙure, na Bawa suna can gaba. Goro da shayi sun yi shekara talatin suna aiki a kansu. Na ɗauki mafi duhu, na ƙara masa launi ta wajen wuyansa, na ja masa siririn layi irin na tsohon haƙori. Na gama na duba, har yanzu da saura. Sai na lura gefen sauran haƙoransa na gaba duk da 'yan tsagi, saboda masunci da haƙori yake yanke zaren gyaran koma. Na sa ɗan zarto na yi wa nawa tsagi shi ma. Shekara tara ba wanda ya gane, in ban da matarsa, ita ma don ta tarar da shi a kofi ne.

Wannan ido ba a makaranta kawai na same shi ba. Bayan na gama karatu an tura ni ƙarƙashin wani dattijo Banufe, wanda ya sa ni sassaƙa haƙori da sabulu har wata uku kafin ya bar ni na taɓa kaki. In na kai masa, ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan na akuya ne, sake." Shi ya koya mini cewa ba a zaɓen launi a ƙarƙashin fitila, sai a bakin taga da hantsi. Ka duba na ɗan lokaci kaɗan, ka kawar da ido zuwa wani shuɗin ƙyalle, sannan ka sake dubawa. In mai haƙorin ta sha jan baki, a goge. In gyalenta mai walƙiya ne, a rufe shi da farin zane. Kullum maganarsa ita ce mu ba fari muke nema ba, ɗan'uwan haƙorin da ke kusa muke nema.

Na ce wa Bawa, "Buɗe mu gani."

Ya buɗe. Haƙoransa sun yi fari kamar ɓararren rogo. Gefen dasashinsa ya ƙone, ya yi fari-fari, wani wurin ya kumbura. A tsakiyar wannan haske duka ga haƙorina nan zaune, launin kifin banda, ko gezau bai yi ba.

Asabe ta juya ta buɗe kabad tana neman abin da ba ta ajiye ba. Kafaɗunta kawai nake gani suna rawa.

Bawa ya ce, "Mai-haƙori, haƙorinka ya tona min asiri."

Na ce, "Nawa yana inda na bar shi. Naka ne suka tashi suka bar shi."

"Ba wasa na zo yi ba. Asabar ɗaurin auren Hadiza. Ka san wa za ta aura? Ɗan Giɓi! Hoto za a yi, har da na bidiyo."

Labarin ya fito a hankali. Hadiza, 'yarsa, ta sayi kwali biyu na maganin farin haƙori a wani shago a kasuwa, don kwalliyar biki. A cikin kowane kwali akwai hoda, da man shafawa a ɗan bututu, da robar da ake cusawa a baki, da wata 'yar fitila shuɗiya. Bawa ya ɗauke ɗaya. Takardar da ke ciki ta ce minti goma sha biyar a rana, amma da Turanci ta faɗa, da ƙananan haruffa.

"Hadiza ta ce minti sha biyar," in ji shi, "sai na ce wanga magana ta yara ce. Ko koma anka sa cikin rini, wadda ta daɗe ita ka kamawa. Sai in sa shi da sahe in shiga bukka ina gyaran koma, sai Azahar in hidda."

"Na robar fa?"

"Shi ma na jiƙa shi cikin maganin. Kwana ukku na ga shina baya, sai na ƙara ma kowa magani don shi cim musu."

Asabe ta ce daga cikin kabad, "Baba Bawa, su kuma suka tsaya jiran shi?"

"Ina hwa! Gudu sunka ƙara."

Kwana goma ya yi yana haka. Tun daga na biyar ruwan randa ya gagare shi sha. In ya tayar da inji iskar tafki ta bugi haƙoran, sai ya ji kamar an soka masa allura har ƙwaƙwalwa. Ya koma tuƙi baki rufe, fasinjoji suna tambayar junansu wa ya rasu a gidan Bawa. Mamman ya tare shi sau biyu, Bawa ya ce masa mura ce.

Ga abin da kwali ba zai faɗa muku ba. Haƙorin da Allah ya halitta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan maganin ke shiga ya kashe launin da ya zauna a ciki. Roba ba ta da su. Cikon da aka yi wa haƙori ba shi da su, hular da ake sa wa haƙori ma haka. Launin da aka ba su ran farko, da shi za su ƙare. Kwali bai san me ke cikin bakinka ba, domin bai taɓa leƙawa ba. Robar da ke cikinsa kuma awo ɗaya ce, ta bakin amarya 'yar shekara ashirin da ta bakin Bawa duk ɗaya, shi ya sa maganin ke kwararowa ya kwanta a kan dasashi.

A wurinmu ba a fara maganar fari sai an gama maganar lafiya. Madubi da ɗan tsinken ƙarfe su ke fara shiga, a duba ko akwai rami, ko dasashi na jini, ko akwai abin da ba zai karɓi magani ba. Daga nan sai wanki. Da yawa daga cikin masu zuwa neman fari, in aka kankare musu dattin da ya daskare aka goge, sai su dubi madubi su ce ya isa haka. Wanda zai ci gaba, a kara masa allon launi a rubuta inda ya fara, a ɗauki awon bakinsa, a zuba filasta, a yi masa robar da ta bakinsa ce shi kaɗai, a yanke ta daidai inda dasashi ya fara. Likita ne ke zaɓen ƙarfin maganin. Kuma a gaya wa mutum gaskiya cewa zai yi haske, amma ba zai zama faranti ba. Mai haƙorin roba kuwa sai an jira mako biyu bayan an gama, domin farin farko ba ya zama, yakan ja baya kaɗan, sannan a haɗa masa sabo daidai da inda launin ya tsaya.

Ba na ce duk kayan shago guba ba ne. Wanda ke da lambar rajista da bayani a fili, in bakin mutum lafiya lau ne, ba ciko ko roba a gaba, launin kuma na sama-sama ne, yana aiki a hankali, ya kuma fi sauƙin kuɗi nesa. Na sha gaya wa mutum ya je ya saya, ya bi takardar kamar yadda ta ce. Hadiza minti goma sha biyar ta yi, ba abin da ya same ta. Abin da ba na yarda da shi shi ne hodar da ake ƙullawa a leda ba suna, da garin gawayi, da lemon tsami da kanwa. Waɗannan kankare ɓawon haƙori suke yi, shi kuwa ba ya sake tsirowa, abin da ke ƙarƙashinsa kuma rawaya ne. Mai neman fari ya ƙare da abin da ya gudu.

Shekarar da waɗannan kaya suka cika kasuwa ita ce mafi muni a aikina. Daga bayan Sallah har ruwa ya sauka, in ban da masu ciwon da ya hana su barci, ba mai hawa kujerar nan. Asabe ta koyi ɗinkin hula a ɗakin nan, ta gama huɗu, na biyun ma ni na sa. Da damina ta yi nisa sai ga masu shafa kayan sun dawo a lokaci guda, daidai lokacin da kayan aiki suka yi wuyar samu. Wata malamar makaranta ta zo gefen haƙoranta ya siranta har haske na ratsawa, saboda wata uku tana dirzar su da lemo da kanwa. Ta ce in mayar mata da su yadda suke. Na ce ana iya rufewa, ana iya rage zogin, amma mayarwa babu. Kakata fure take ci da goro, a zamaninta jan haƙori shi ne ado, ta kuma rasu da haƙoranta cif. Ban gaya wa malamar wannan ba.

Mu koma kan Bawa. Gyaransa a ido mai sauƙi ne, a yanke tsohon haƙorin daga farantin, a dasa fari na wucin gadi ya fita kunyar biki. Na jawo durowa. Haƙoran roba a jere suke zuwa a kan kati. Masu launin goro ga su nan burjik, domin su mutanenmu suka fi buƙata. Katin mafi fari kuwa guda ɗaya ne, kuma gurbin na gaba na hagu ba komai. Na riga na dasa shi a farantin wani, yana can ɗakin haɗi bayan labule, mai shi zai zo karɓa ƙarfe goma sha ɗaya. Na buga wa dillalinmu na Sakkwato waya, ya ce sai mako mai zuwa.

Bawa ya ce, "Wane ne mai shi? In tahi in ba shi haƙuri."

"Ba a faɗin sunan mai baki. Da ana faɗa, da naka ya daɗe a kasuwa."

"To in koma ma goro, su dawo su iske shi?"

Asabe ta ce, "Sai dai huhu guda kafin Asabar."

Na ce dasashin da ya ƙone ba zai ɗauki goro ba, kuma ko ya ci, dabbare-dabbare za su fito. Na ce akwai hanya ɗaya da ba ta buƙatar kayan aiki, ya rufe bakinsa har a watse.

"Ni? Uban amarya? Ko barci nika yi ina magana, tambayi uwar Hadiza."

Ƙarfe goma da minti ashirin sai muka ji sallama daga waje, da murya mai ɗan fito a kan kowace "s". Bawa ya san wannan fiton fiye da kowa a duniya. Kafin in buɗe baki ya dire daga kujera, ya faɗa bayan labule.

Mamman ne, jirginsu ya iso da wuri. Makon da ya wuce ya zo mini a ɓoye, bayan shekara talatin da giɓi, ya ce auren ɗansa ba zai shiga hoto haka ba. Na kara masa allon launi na nuna masa ɗan'uwan haƙoransa, ya ture hannuna ya ɗora yatsa a kan na farkon layi. Na yi bayani har na gaji. Baki nasa ne, na rubuta cewa na ba shi shawara ya ƙi, na yi masa abin da ya ce.

Ya zauna a kujerar da Bawa ya tashi, ya ce, "Kujerar nan da ɗumi."

Asabe ta ce, "Rana ce, Baba."

Na shiga bayan labule ɗauko aikin. Na tarar da Bawa ya riga ni, yana riƙe da farantin a tafin hannu, ido waje.

Ya ce cikin raɗa, "Na Giɓi ne?"

"Ban ce ba."

"Sace shi zan yi."

"Ajiye."

Na fito da shi a cikin ɗan kwano. Ban miƙa wa Mamman ba, domin ƙa'ida ce, haƙorin da ya shiga bakin wani ba ya komawa bakin wani. Na ba shi madubi, na riƙe haƙorin da hantsaki kusa da bakinsa.

"Malam Mamman, duba da kyau. Ƙwayar shinkafa ce a cikin tukunyar wake. Daga ƙofar masallaci za a gane na roba ne. Ka bar ni in sauya maka da ɗan'uwan naka, gobe da yamma ka karɓa, ba ƙarin ko kwabo."

Wannan shawara gaskiya ce, ita na ba shi tun ran farko, ko da Bawa ko ba Bawa.

Ya ce, "Mai-haƙori, shekara talatin wurin nan duhu ne. Yanzu hitila nika so."

"Za a yi maka dariya."

"An daɗe ana yi. So nike ran Asabar in tsaya gaban Bawa in washe baki, hasken shi kashe mai ido. Wanga mutum ko ciwon haƙori bai taɓa yi ba, kullum shina ƙirga min talatin da biyu kamar ni na ce a ba shi."

Wani abu ya faɗi a bayan labule. Asabe ta ce ɓera ne.

"Babba ne kuwa," in ji Mamman. Ya miƙo hannu ya ɗauke haƙorin daga hantsakin, ya buɗe baki, ya yi bismilla.

"Kada ka sa!"

Labulen ya taho gaba ɗaya har da sandarsa. Bawa ya tsaya a tsakiyar ɗaki, rawani a baki, garin filasta a gaban riga. Mamman ya dunƙule hannu ya ɓoye a bayansa kamar wanda aka kama da naman miya.

"Mi kaka yi nan?"

"Kai mi kaka yi?"

"Ni gaisuwa na zo."

"Da baki buɗe?"

Suka tsaya suna kallon juna. Can Bawa ya ja dogon numfashi, ya sauke rawanin, ya washe baki. Mamman ya matso, ya ƙanƙance ido. Sai Bawa ya sa yatsa biyu ya zaro farantin ya ajiye a kwano. Giɓi ya bayyana, a sama, ta hagu, daidai inda na Mamman yake.

Na ga mutane suna dariya a ɗakin nan, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Da farko ba sauti, bakin kawai ya buɗe. Sannan ya zame daga kujera ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta yi gefe, yana dukan siminti da hannu ɗaya, ɗayan kuma a dunƙule, bai saki haƙorin ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara tara."

Mamman ya yi lissafi da ido. "Kwantagora?"

"Kwantagora."

"Kayan inji! Wayyo Inna, kayan inji! Har tsaraba ka kawo min!"

Asabe ta fita waje, muna jin dariyarta ta taga.

Da ya lafa, Bawa ya tsuguna a gabansa ya faɗi buƙatarsa da bakinsa. Fari ɗaya ne a garin nan, kuma yana cikin hannun Mamman. In ya sa shi a baki, shi ke nan, Bawa zai tsaya gaban surukai da masu hoto da kifin banda a tsakiyar baki.

"Don Allah, ɗan kawu. Ko don Hadiza, ɗiyarka ce."

"Hadiza ɗiyata ce, amma ba ita ke da giɓi ba. Sake hwaɗin sunan da ka kira ni."

"Ɗan kawu."

"A'a, na yanka."

"Mamman."

"Malam."

"Malam Mamman."

"Ashe ka san shi."

Ya tashi ya karkaɗe riga, ya leƙa kwanon da tsohon haƙorin ke ciki. Ya ce in ɗago masa shi. Na ɗaga da hantsaki, ya kara fuskarsa kusa, ya dubi madubi. Ya daɗe yana dubawa.

"Mai-haƙori, wanga aikinka ne? Har da tsagin zare?"

"Har da shi."

"Shekara tara ina kallon shi kullum ban gane ba." Ya buɗe hannunsa ya dubi farin, ya sake duban na kwanon. "Irin wanga nika so."

Bayanin da na yi masa sau biyu bai shiga ba, sai da ya ga aikin a kusa da nasa. Na ce ba wannan zan sa masa ba, sabo zan yi masa irinsa. Ya ajiye farin a tafin hannuna, amma ya ce da sharaɗi. In na yanke tsohon daga farantin Bawa, a wanke a ba shi.

Bawa ya ce, "Ka kai shi tasha ka nuna ma mutane?"

"Ni wawa ne? In na nuna, rana ɗaya zan ji daɗi. In na aje, kullum ne."

Ranar nan da washegari ban ɗaga kai daga teburin haɗi ba. Na yanke haƙora biyu daga faranti biyu, na dasa farin a na Bawa, na ɗauko sabo mai duhu na ba shi launi na dasa a na Mamman, kowanne na yi masa tsaginsa. Na karɓe ragowar kwalin daga hannun Bawa, na ba shi man rage zogi, na hana shi sanyi da tsami. Ranar Alhamis likita ya duba shi, ya gano ɗan rami a wani haƙorin baya wanda maganin ya yi kwana goma yana shiga, ya cike shi. Da Bawa ya fara zuwa nan kafin ya buɗe kwalin, duba na minti biyar ya isa a ga ramin, a kuma tuna masa da abin da ke manne a gandarsa.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Asabe ta je, ta ce a kowane hoto su biyun bakinsu a buɗe yake har kunne, mutane suna ta yi wa Mamman barka, Bawa kuwa ya tsaya a gefensa bai ce uffan a kan haƙori ba.

Bayan mako uku Bawa ya dawo. Nasa sun ja baya zuwa launin madara kamar yadda na gaya masa, farin robar ya fara fita daban, na haɗa masa na uku. Tsohon kuwa yana cikin wani ɗan gwangwanin man zafi a aljihun gaban rigar Mamman. In Bawa ya fara ɗaga murya a tashar jirgi, Mamman yakan girgiza aljihun sau ɗaya. Mutanen tasha har yau ba su san me ke ƙara a ciki ba, kuma yanzu Malam Mamman suke ce masa.